Ɗigo a Gaban Suna

Tun Talata ruwa bai ɗauke ba a Valdivia.
Ximena ta tura ƙofar ɗakin baya da kafaɗa,
ɗakin da Eleuterio Cárcamo ya shekara talatin
yana auna kogin Calle-Calle yana rubutawa.
Jiya aka binne shi. Kofinsa na nan kan tebur.

Ta kunna tsohuwar kwamfutar.
Ba hoto, ba kibiyar nuni,
baƙin allo ne kamar gindin tukunya,
sai ɗan farin sanda yana ƙyafta ido,
bai gaishe ta ba, bai yi mata ta'aziyya ba.

Jikin bango akwai takarda da rubutun tsohon:
"In kin ɓata, pwd. Za a faɗa miki inda kike."
Ta buga haruffan uku da yatsa ɗaya.
Na'ura ta ce: gida, sannan sunan uban.
Ta ce, "Ai na sani," ta goge hanci da hannun riga.

ls, in ji takarda, buɗe ido ne.
Sunaye suka zubo kamar an kwance bakin buhu:
ambaliya, gada, haraji, kogi, magani.
cd shiga ɗaki ne, cd da ɗigo biyu komawa baya,
mai shiga rijiya ba ya sakin igiya.
Ta shiga kogi, ta tarar da shekaru a jere,
kowace da watanninta a goye,
kowane wata da tsayin ruwa, safe da yamma,
har ranar da aka haife ta: mita biyu da ɗan ɗori.
Ko ran nan sai da ya je bakin gada.

Jami'a ta ce a kawo mata lissafin.
mkdir ta gina ɗaki ba yashi ba bulo,
cp ta kwashe aikin cikin numfashi uku,
na asali na nan, kwafi na can, ba wanda ya ragu.
Abin da ya cinye gwiwoyin mutum
ya shige wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba.

Baltasar ya kira daga Osorno:
"Share sauran, mu sayar da akwatin."
Ta dubi bango. Nan tsohon ya canza tawada zuwa ja:
"rm ba ta da kwandon shara, ba ta tambaya.
An ce magana zarar bunu, to wannan ta fi magana.
Kada ki haɗa ta da tauraro kina gyangyaɗi."
Ta rubuta haruffan biyu. Ta tsaya.

Can ƙasa, inda danshi ya ci takardar:
"ls -a. Mai ɗigo a gaban suna
ba ya fitowa sai an neme shi."
Ta goge biyun, ta nema.
Ga shi nan tsugune a saman jeri: .ximena

Ta zaci wasiƙa ce. Ba wasiƙa ba ce.
Kwanan wata ne, da mintuna, da tsayin ruwa:
duk ranar da ta buga masa waya.
Da fari kowace Lahadi, layi kan layi,
daga baya wata-wata,
sai wata shekara mai layi biyu rak,
ɗaya minti huɗu.
Bai ƙara ko kalma ba. Ma'auni ba ya ƙorafi.

Shayin da ta haɗa ya huce ba ta taɓa ba.

mv, in ji bango, ƙaura ce, kuma raɗin suna.
Ta cire ɗigon. Ta sake buga ls.
Ambaliya, gada, haraji, kogi, magani,
sai ita a ƙarshe, don harafinta ne na baya,
a fili, inda kowa zai gani.

Ƙarfe shida saura. Lokacin awon yamma.
Rigar ruwansa na rataye bayan ƙofa,
ta yi mata yawa a kafaɗa.
Ta naɗe hannun sau biyu, ta ɗauki fensir,
ta bar farin sandan yana ƙyaftawa.